Shirun Goggo

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, sai wayar jikata ta ɗauki kiɗa. Irin kiɗan nan na fiyano mai tsalle-tsalle kamar ɗan akuya. Ban kula ba, don kunnena ya daɗe da koyon kauce wa irinsa. Can sai wata murya ta fito, an matse ta a inji har ba ka sanin ta mace ce ko ta namiji, ta ce, "Gero na gona, wa ya kira ka gida?" Gyaɗar da ke hannuna ta zube a kan zanena.

Na ce, "Ke, kawo abin nan. Waƙar wa ce?"

Ta ce, "Kaka, ita ake yayi yanzu. Wai ta gargajiya ce, ba ta kowa ba ce. Su suka gyara ta."

Ba ta kowa ba! Ko rijiyar bakin hanya da kowa ke sha, akwai wanda ya haƙa ta. Na ɗaga mata hannuna na dama, na nuna mata ɗan yatsan nan na kusa da babba, wanda ya lanƙwashe kamar lauje. Na ce ta ɗauko takarda da biro. Ni ban taɓa shiga aji ba, kuma ban ji kunyar faɗa ba, don abin da na riƙe a kaina ya fi ƙarfin jakar makarantarta. Abin da kuke karantawa, hannunta ne, amma bakina ne. Na ce kada ta ƙara gishiri, kada ta rage.

Waƙar nan ta mutum biyu ce. Innata da Goggona.

A wani ƙauye na ƙasar Gwangwan aka haife ni, ni ce 'yar fari. Goggo yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta, ɗakinta na kallon na Inna. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, muryarta kauri kamar ana magana a cikin randa. Inna kuwa 'yar firit ce, muryarta siririya mai zaƙi, in ta ɗaga ta da safe har mutanen da ke gona sai sun miƙe daga duƙe. Inna na ce mata Yaya. Ita kuma tana ce wa Inna Amarya, har Inna ta yi haihuwa shida ba ta canza ba. Ni kuwa sunan mahaifiyar Baba da Goggo aka sa mini, saboda haka Goggo ba ta kirana sai da Uwata. Inna ba ta kirana da komai. Kunyar ɗan fari ce. In tana so na sai ta ce wa iska, "Wai ba kowa a gidan nan ne?" Sai in taso.

Waƙarsu ta farko a bakin turmi aka haife ta. Ku da kuka tashi da injin niƙa ba ku san ƙamshin sabon gero ba lokacin kaka, in an yayyafa masa ruwa za a yi surfe. Ƙamshi ne kamar na ƙasa bayan ruwan farko, da ɗan zaƙi a ciki. Su biyu za su tsaya, turmi a tsakiya, taɓarya na sauka wata na tashi. Babu ganga, babu ƙwarya. Taɓare biyu da muryoyi biyu, shi ke nan. Inna ta bayar:

"Gero na gona, wa ya kira ka gida?"

Goggo ta amsa daga ƙasan maƙoshi:

"Yunwa ta kira ni, na zo."

Daga nan sai shiru.

To, a nan zancen yake, ku buɗe kunne. Jiƙaƙƙen gero in ana dukansa hawa yake yi, ya manne a gefen turmi, taɓarya ta riƙa dukan itace a banza. Dole wani ya sa hannu ya sharo shi ya maida tsakiya. A sauran gidaje sai an ce, "Ku dakata," a dakata, a juya, a ci gaba. A gidanmu ba a taɓa cewa a dakata ba. Waƙa ce ke faɗa. Goggo na kai ƙarshen amshinta sai ta cafe taɓaryarta a sama, Inna ma ta cafe tata. Numfashi uku. Hannuna ya shiga, ya zagaye turmi, ya fito. Taɓaryar Goggo ce ke fara sauka, sannan waƙa ta ɗora. Tun ina 'yar shekara shida nake wannan aiki, har na kai ina yinsa ina kallon kaji. Ban taɓa duba sama ba. Me zan duba? Goggo na nan.

Matan unguwa suka ɗauki waƙar, ta shiga gida-gida. Wasu kuma suka ɗauki tsiya. Suna cewa aikin Goggo a waƙa bai taka kara ya karya ba, kalma shida da yin shiru. Ranar da maganar ta kai kunnenta, tana tsefe mini kai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Su gwada yin shirun mu gani."

Waƙa ta biyu ta zo ne lokacin da aka fara kiransu gidan biki. Ba a ɗaukar turmi a kai a tafi biki, sai suka koma ƙwarya. Goggo ta cika masaki da ruwa, ta kifa ƙwarya a kai, tana dukanta tana ba da wani sauti mai zurfi da kake ji a cikin cikinka. Inna ta riƙe ƙananan ƙore da 'yan sanduna. Waƙar ta fi ta farko nutsuwa, ta fi ta tsawo, don yanzu Inna ta koyi saƙa habaici da kirari a tsakani. Shekarar gyaɗa ta yi kyau, gari duk ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli, sai suka yi ta a kan gyaɗa:

"Gyaɗa 'yar ƙasa, an binne ki an tafi."

"Na fito da mai a jikina."

Kowace mace ta san ba da gyaɗa ake ba. Suka kai ta Ruwan Bago, suka kai ta har Yola ta Karaye a bayan akori-kura, ni ina riƙe da ƙoren a cinya kada su fashe. Kuma duk inda suka je, bayan amshi sai shirun nan. Sanduna a sama, numfashi uku. Wata uwar biki ta taɓa tambaya, ta ce, "Yanzu da babu turmi, shirun na mene ne?" Goggo ta ce, "Ba hannu kaɗai ke neman wurin shiga ba." Gaskiyarta. A cikin shirun nan na ji an rangaɗa guɗa, na ji an ja ajiyar zuciya, na ga uwar amarya ta share ido da bakin mayafi kafin kiɗa ya dawo ya rufa mata asiri. Waƙar tasu ce, shirun na kowa ne.

Sai mai kaset ya zo.

Ya zo ne a lokacin da Goggo ba ta nan. 'Yarta da ke aure a Yola ta haihu, ta tafi yi mata wankan jego, kwana arba'in. Saurayi ne daga kasuwar Rogo, wandonsa mai faɗin ƙafa yana share ƙasa, ya rungumo rikoda kamar jariri. Ya durƙusa ya gaida Baba a zaure, ya yi ta zuba ladabi. Baba ya kira Inna, ta tsaya a bayan ƙofa, ni ina maƙale da zanenta.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, muryarki na zo ɗauka. Duk ƙasar nan maganarta ake."

Inna ta ce, "Mu biyu ne. A jira Yaya, saura kwana goma sha biyu."

Ya ce, "Amshi ai kowa ma zai iya. Murya ita ce ba a samu a kasuwa. Ɗan faɗi layi ɗaya kawai, ki ji wani abu."

Ta faɗa, a hankali, cikin kunya. Ya danna wani abu, ya juya, ya sake dannawa. Sai ga Inna tana waƙa a cikin akwati, alhali ga ta tsaye bakinta a rufe. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba. Ta toshe baki da mayafi tana dariya, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ashe haka nake?" Ba kuɗi ne ya ja ta ba, kada wani ya faɗa muku haka. Wannan tambayar ce ta ja ta.

Washegari ya dawo da mai kalangu da 'yan mata biyu na maƙwabta su yi amshi. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Inna ta ɗauko waƙar gero, 'yan mata suka amsa, Inna ta yi shiru kamar yadda ta saba. Mai kaset ya kashe rikoda.

Ya ce, "Lafiya? Kin manta ne?"

Ta ce, "Haka take."

Ya ce, "Ai zaren kaset na tafiya a banza. Wanda ya saya zai ce batirinsa ne ya mutu. Ki ɗora kawai, kada ki tsaya."

Ta gwada, ta tsaya. Ta sake, ta tsaya. Jikinta ya ƙi. Mai kalangu ya matse kalangunsa a hammata ya ƙara wuta, yana cike wurin da kiɗa, yana jan ta kamar ana jan akuya zuwa kasuwa. Tun hantsi har la'asar suna abu ɗaya, sai da bakin Inna ya koyi tsallake ramin. Wannan ita ce waƙa ta uku. Kalmomin ta farko ne, amma an sa mata takalmin gudu.

Ta karɓu, ba zan ɓoye ba. Mai shayi na sa ta, tela na sa ta, direbobi na sa ta. Ana cewa zabiyar Gwangwan, zabiyar Gwangwan, kamar mutum ɗaya. A tashar Karaye Goggo ta fara jin ta, tana zaune kan ƙullin kayanta tana jiran mota. Ita ta ba ni labari da bakinta bayan na girma. Ta ce ta matsa wurin mai rumfar, ya ce mata, "Iya, ba ki san ta ba? Ai ita ake yayi." Ta ce masa, "Na san ta. Turminmu ɗaya."

Da ta iso gida ba ta ɗaga murya ba. Ta gaisa da Baba, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gona, har awaki ta tambaya. Inna ta kawo mata ruwa ta durƙusa.

"Yaya, sannu da hanya. Ya mai jego?"

"Lafiya lau, Amarya. Na ji ki tun daga Karaye. Kin yi sauri."

Ta sha ruwan, ta tashi ta ɗauki taɓaryarta daga jikin rumbu, ta shige da ita ɗaki ta jingine a bayan ƙofa. Shi ke nan faɗan. Da ta yi zagi da ya fi sauƙi.

Aka shiga zaman gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau. Tuwo na zuwa ɗakin Goggo, kwano na dawowa a wanke. Inna ta koma yin daka da matar maƙwabcinmu. Ana aiko goron biki, Inna na cewa ba ta jin daɗi. Baba ya ga abin ya fi ƙarfin rawaninsa, ya riƙa daɗewa a gona.

Wata safiya, mako uku da dawowar Goggo, aka jiƙa gero. Inna da maƙwabciya suka kama surfe, ni ina durƙushe a wurina. Daka ta yi daɗi, Inna ta manta da damuwarta ta ɗauko waƙa. Maƙwabciya ta amsa, "Yunwa ta kira ni, na zo." Hannuna ya shiga, yadda ya saba shiga shekara biyar. Maƙwabciya ta cafe taɓaryarta, don ita tsohuwar waƙar ta sani. Bakin Inna kuwa ya tsallake, hannunta ya bi bakinta.

Ban ji zafi da farko ba. Ƙara na ji, kamar an taka busasshen kara. Na ciro hannu na ga gero ya yi ja. Na ɗaga kai, karo na farko a rayuwata na dubi sama daga bakin turmi, na ga Inna tsaye da taɓarya, bakinta na motsi, sunana na son fita, kunya ta tare shi. Maƙwabciya ce ta yi salati da ƙarfi.

Goggo ta fito ko ɗankwali babu. Ta ce, "Uwata!" Ta sunkuce ni ta goya, ni 'yar shekara goma sha ɗaya, ƙafafuna na dukan gwiwoyinta. Haka ta ratsa gonaki da ni har ƙauyen gaba inda mai ɗori yake. Ya ja, na suma, na farfaɗo ya ɗaure da tsagin kara. Ya ce yatsa zai rayu, amma ya gama miƙewa.

Da muka dawo rana ta take. Inna na zaune a ƙasa inda muka bar ta, kaji sun hau turmi suna cin geron, ba ta kore su ba. Goggo ta sauke ni a inuwa.

Inna ta ce, "Yaya, ni ce na…"

Goggo ta ce, "Na sani. Ni ma da ina wurin da ba a yi ba. Tashi ki kore kajin nan, Amarya."

Inna ta tashi, amma ba kaji ta nufa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da kaset ɗin da mutumin ya ba ta, wanda take ajiye a cikin kwalla. Ta sa tsinke ta zaro zaren, tana ja tana ja, har ya taru a gabanta kamar hanjin kaza. Da damina ta zagayo Baba ya kwashe zaren ya ɗaura a kan gero, yana walƙiya yana korar tsuntsaye. A nan dai kaset ɗin ya yi amfani.

Bayan an kwance mini ɗori, na rantse a raina ni da turmi har abada. In na ji daka a maƙwabta sai in toshe kunne. Wata safiya sai na ga Goggo ta fito da taɓaryarta, ta goge mata ƙura da bakin zane. Ta ce, "Amarya, jiƙa gero." Ta juyo ta ce, "Uwata, zo wurinki."

Na ce, "Goggo, tsoro nake ji."

Ta ce, "Na sani. Zo da tsoron."

Na durƙusa, hannuna a ɓoye a hammata. Suka fara. A ranar aka haifi waƙa ta huɗu, kuma a ranar aka juya tsari, Goggo ce ta bayar da wannan murya tata ta cikin randa:

"Mai sauri, ina za ki?"

Inna ta amsa, muryarta na rawa:

"Na dawo, Yaya, na dawo."

Suka cafe taɓare. Numfashi uku ya wuce, ban motsa ba. Biyar. Goma. Taɓarya ba kara ba ce, ku tambayi wadda ta taɓa riƙe ta a sama. Na ga damtsen Inna na karkarwa, gumi na bin wuyanta, amma ba ta sauke ba. Ba wanda ya ce mini yi sauri. Sai da na gaji da tsoron don kaina, na zaro hannun, na sa, na zagaye turmi da karkataccen yatsana, na fitar. Sannan taɓaryar Goggo ta sauka. Inna ba ta dube ni ba, amma a tuwon daren ranar, nawa ne ya fi man shanu.

Tun daga nan shirun waƙar ta huɗu ba shi da ƙidaya. Tsawonsa na mai hannu ne. Da suka kai ta gidan biki ma haka, Goggo kan riƙe sanda a sama har sai ta ga ɗakin ya gama abin da yake yi. Ita ce waƙarsu da aka fi so, kuma ba ta taɓa shiga kaset ba. Mai kaset ya dawo, ya durƙusa ya yi ranki-ya-daɗe. Wannan karon Goggo ce a bayan ƙofa. Ta ce, "Mu biyu, da turminmu, da shirunmu. In zarenka ba zai iya ɗauka ba, ƙofa na nan inda ka bar ta." Ya ce ba mai sayen shiru. Ta ce, "Dama ba na sayarwa ba ne. A gaida mutanen Rogo."

Goggo ta riga Inna tafiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan ta, Inna ba ta sake waƙa ba. In an matsa mata sai ta ce, "Wa zai yi mini shirun?"

Yanzu ga shi inji ya cinye daka, turmi ya koma wurin zaman kaji, kuma a cikin waƙoƙi huɗun nan, wadda 'yan birni suka tono suka sa wa fiyano ita ce ta ukun. Ta gudun. Wadda ta karya mini yatsa. Ita aka ajiye, don ita ce ta shiga akwati. Ban ce kada su yi rawarsu ba, zamaninsu ne. Amma kada wanda ya sake cewa a gabana ba ta kowa ba ce, kuma kada a ce an gyara ta. Ba a gyara ba. An cire mata Goggo ne.

Jiya na sa aka wanke turmi. Na kira jikokina mata biyu na ba su taɓare, suna dariya suna cewa hannunsu zai yi kanta. Na ce ya yi. Na koya musu ta huɗun, na durƙusa a wurina da waɗannan gwiwoyi da ba sa so, mai wayar ta jingine wayarta a jikin tulu tana ɗauka. Suka bayar, suka amsa, suka cafe. Na ɗauki lokacina. Na sa hannu, na zagaye, na fitar.

Da aka gama ta zauna tana saurare, tana shafa fuskar wayar da yatsa. Ta ce, "Kaka, ya yi kyau. Sai dai nan tsakiya ba komai, bari in yanke wurin."

Na riƙe mata wuyan hannu da lanƙwasasshen yatsan nan. Har yanzu yana da ƙarfi, ta shaida.

Na ce, "Taɓa ki gani. Akwai mutum a wurin."